Jaririn da aka haifa babu masu gadin ƙwaƙwalwa

Da aka kawo jaririn asibitin yara na Seattle a Amurka, abin da likitoci suka gani a hoton kansa ya ɗaure musu kai. Ruwa ya taru a ƙwaƙwalwar, kuma gadar jijiyoyin nan da ke haɗa ɓangaren dama da na hagu babu ita sam. Ƙasusuwansa sun yi tauri fiye da kima. Yaron bai cika shekara ba Allah Ya karɓi abinsa.

Iyayen suka amince a bincika ƙwaƙwalwar. Likita James Bennett da abokan aikinsa suka nemi wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ake kira maikurogiliya, waɗanda ke cike da ƙwaƙwalwar kowane ɗan Adam. Kusan babu su. A 2019 aka wallafa rahoton.

Su waye waɗannan ƙwayoyi? Wani masani ɗan Sifen, Pío del Río Hortega, shi ya bayyana su a 1919. An daɗe ana yi musu kallon 'yan shara: su cinye matattun ƙwayoyi, su far wa cuta, su tayar da kumburi idan an ji rauni. Sai a 2010 Florent Ginhoux da Miriam Merad suka nuna a jikin ɓeraye cewa asalinsu ma ba daga ƙwaƙwalwa ba ne. Daga jakar gwaiduwar ɗan tayi suke tasowa tun ciki na ƙarami, su yi ƙaura zuwa kai, su zauna har ƙarshen rai.

Rayuwarsu kuwa ta rataya ne a kan saƙo. A jikin kowacce akwai makarɓar saƙo mai suna CSF1R. Sinadarai biyu, CSF1 da IL-34, su ke zuwa su manne mata, ma'anar saƙon kuma ita ce: rayu, ki hayayyafa. Jaririn nan ya gaji lalatacciyar makarɓa daga uwa da uba, saƙon yana zuwa babu mai amsawa. Ƙwayoyin da ke sassaƙe ƙashi ma da wannan makarɓa suke aiki, shi ya sa ƙashinsa ya cushe.

A ganina nan ne tsohon zato ya faɗi. Ɗan shara ba ya hana gini tashi idan bai zo aiki ba. Wanda rashinsa ya hana gada haɗuwa, magini ne.

Abin mamaki, babban ɓera bai damu haka ba. A 2014 ɗakin binciken Kim Green a Kalifoniya ya toshe CSF1R da magani, kusan kashi 99 cikin 100 na ƙwayoyin suka ɓace, ɓerayen suka ci gaba da harkarsu. Da aka janye maganin, cikin mako guda sababbi suka cika ƙwaƙwalwar.

Mutumin da ya gaji lalatacciyar makarɓar daga ɗaya cikin iyayensa kawai yakan girma lafiya lau, sai wajen shekara 40 mantuwa da rikicewar hali su fara kama shi.