Tiyatar Gaggauta Jera Haƙora: Ta Dace da Mai Juna Biyu?

Jera haƙora da waya yakan ɗauki kusan shekara 2. Don rage wannan jira, wasu likitocin haƙori kan yi 'yar ƙaramar tiyata: a ɗan tsaga dasashi, ko a huda ƙananan ramuka a ƙashin muƙamuƙi. Yayin da ƙashin ke warkewa yakan yi laushi, sai haƙora su riƙa matsawa da sauri, amma na 'yan watanni kawai.

Aikin ƙarami ne, amma yana da illoli. Akan yi fama da zafi da kumburi na 'yan kwanaki. Wani lokaci yakan bar tabo a dasashi, ko wurin ya yi ruwa, ko na'urar ta taɓa saiwar haƙori.

Ga mai ciki abin ya fi nauyi, domin dama dasashinta na saurin kumbura da zubar da jini. Sannan ba a so ta sha maganin zafi irin su ibuprofen daga mako na 20, saboda yana iya taɓa ƙodar jariri ya rage ruwan da yake kwance a ciki.

Don haka a dakata sai an haihu. Amma ciwon haƙori ko ƙurji ba a jinkirta shi. Ki zo asibiti, ki gaya wa likita watannin cikinki.