Tsarkin Ruwa Daban, Lafiyarsa Daban

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a ƙauyukan fadamar Auyo, a bakin mashaya da zaurukan dattawa, wadda duk sa'ad da damina ta yi nisa, kogin Haɗejiya ya cika ya batse, sai an sake tono ta: wai ruwa mai gudu ba ya ɗaukar cuta, tun da shari'a ta halatta alwala da shi. Wallahi na gaji da jinta, musamman da yake masu faɗinta har da waɗanda suka yi zaman zaure, suka sauke Ahalari da Ishmawi, waɗanda ya kamata a ce su ne masu gyara.

Ƙwayoyin cuta dai halittu ne na Ubangiji, ƙanana ainun, waɗanda ido ba ya riskarsu sai da madubin likita, kuma ta kashin mai cuta masu haddasa kwalara da taifot suke fita, su shiga ruwa ko abinci.

To, abin da fuƙaha'u suka hukunta gaskiya ne a babinsa. Ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai jirkita da najasa ba, yana kawar da hadasi, har ma wanda laka ta daƙuna shi sun yarda da shi, domin jirkitar daga makwancinsa take. Amma tambayar da aka yi musu ita ce ko salla ta inganta, ba a tambaye su ko yaron da ya kwankwaɗi ruwan zai kwana lafiya ba. Wanda kuwa ya ɗauko fatawar ɗahara ya ɗora ta a kan sha'anin ciki, ya jingina wa malamai abin da ba su faɗa ba. Ƙwayar kwalara ba ta sauya launin ruwa, ba ta sa shi wari. A shekarar 1854, sa'ad da annoba ta auka wa wata unguwa a birnin Landan, wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen mamata ɗaya bayan ɗaya, har ya gano cewa galibinsu daga famfo guda suke sha, famfon da mutane ke yabon garɗin ruwansa, har wata tsohuwa da ta ƙaura nesa take aikawa a ɗebo mata, ta kuwa rasu da cutar. Bayan shekara talatin Robert Koch ya ga ƙwayar da madubi a Masar da Indiya.

Gudun ruwan da ake taƙama da shi kuwa, ai shi ne yake kawo mana kayan wasu. Kogin nan kafin ya iso mu ya baro madatsun Tiga da Challawa, ya ratsa Wudil da Ringim da garuruwa masu yawa, kuma idan ambaliya ta zo, irin ta 2020 da ta 2022, sai ta shafe shaddodi da kangayen da ake zagayawa, ta juye abin da ta kwaso a cikin rijiyoyin da ba su da murfi. Bugu da ƙari, da yawa daga waɗanda ƙwayar ta shiga cikinsu ba sa ko kwantawa, suna ta harkarsu garau alhali suna zubar da ita kwanaki. A 2021 mutum fiye da 3,000 kwalara ta kashe a Nijeriya, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Abin mamaki, shari'ar da ake fakewa da ita ita ce ta yi hani, a hadisi, da yin bahaya a mashayar jama'a. Wannan kam ba a cika tuna shi ba idan an tsuguna a bayan kacalla a gefen kwatar ban-ruwa.

Saboda haka, uwargida, ruwan sha a tafasa shi har ya yi ta ɓararraka na minti guda, ko a saka masa maganin kulorin gwargwadon yadda malamin asibiti ya nuna, a jira rabin sa'a. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwaya, kada garai-garai ɗin ruwan ya ruɗe ki. A rufe randa, a rataye moɗarta a sama, kada a bar yaro ya ajiye ta a ƙasa sannan ya mai da ita ciki, hannunsa tsamo-tsamo har wuyan hannu. A wanke hannu da sabulu, in babu a yi da toka, bayan an fito daga ban-ɗaki, da bayan an yi wa jariri tsarki, da kafin a sa hannu a akushi. A riƙa zubawa daga buta, a daina layi a kan ƙwarya ɗaya. Kashin yara ma cuta ne, a kai shi masai. Rijiyar da ambaliya ta haura, kada a sha sai an yashe ta an saka magani.

Idan kuwa gudawa ta ɓarke wa mutum fara sol kamar ruwan wankin shinkafa, to, ƙarewar ruwan jiki ita ce ke kisa, wani lokaci cikin sa'o'i kaɗan, don haka hana shi sha da wasu ke yi wai don zawon ya tsaya babban ganganci ne. A dama ƙullin ORS, in babu shi a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a yi ta ba shi kaɗan-kaɗan ko yana amai, ana tafe zuwa asibiti mafi kusa. Rubutu da addu'a ba a hana ba, amma a wanke allon da ruwan da aka tafasa. In ta Allah ta kasance, masu wankan gawa su tsaftace hannuwansu ƙwarai, kuma kada su taɓa girkin zaman makoki.

Fitsarin jinin da ke damun yaranmu masu wanka a magudanan ban-ruwa, shi ma daga ruwan yake, tsutsar tsargiya ce ke huda fata ta shiga, kuma ana samun maganinta a asibiti.