Siriri da ƙato: dariyar da ba ta bukatar tafinta

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka nan barkwanci: in mutum guda ya tsaya a fage yana iya ba da dariya, amma in ya samu abokin da zai riƙa tanka masa, a nan ne wasa ke kai wa ƙarshe. Jama'a masu karatu, wannan ilimi ba baƙo ba ne a Tasawa da Mayahi, inda Bakatsine da Bagobiri in sun haɗu a rumfar kasuwa sai kowa ya aje awo ya saurara. A shekara ta 2014 ma hukumar UNESCO ta sanya wasan nan na abokan wasa na Nijar cikin gadon al'adun duniya. Masu sinima na farko, lokacin da hoto bai soma magana ba, a kan wannan sirri suka gina sana'arsu.

Mafi shahara cikinsu su ne Stan Laurel, siriri ɗan Ingila, da Oliver Hardy, ƙato ɗan Amurka. A 1927 ne kamfanin Hal Roach ya haɗa su suka zama tagwayen wasa, suna yin gajerun finafinai na kamar minti 20. Tunda babu murya, tilas ido ya gane kome nan take. Shi ya sa aka nemi jiki biyu da suka saɓa: ƙaton yana ganin shi ne mai wayo, siririn kuwa yana sosa kai cikin ruɗewa, alhali dukansu biyu rami guda za su faɗa. A fim ɗinsu Big Business na 1929, ƴan talla ne masu bi gida gida. Gardama ta shiga tsakaninsu da wani maigida, suna rushe masa gida yana farfasa musu mota, kowa na jiran ɗan uwansa ya gama ɓarna kafin ya rama. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa rasa jari saboda zuciya zai gane darasin ba tare da tafinta ba.

Turawan mulkin mallaka sun lura da ƙarfin wannan dabara. A ƙasar Hausa ta Najeriya, motocin majigi sun riƙa zagaya garuruwa da finafinai marasa murya, wani mai bayani yana fassarawa da Hausa. Sashen fim na mulkin Ingila, wanda aka kafa a 1939 ƙarƙashin William Sellers, ya yawaita amfani da mutum biyu, mai hankali da wawa: ɗaya ya bi shawarar likita ko malamin gona ya ci riba, ɗaya ya ƙi ya tafka asara. Sai dai a nan dariyar ta zama sandar horo, domin wawan kullum shi ne wanda ya riƙe al'adar gida.

A ƙasarmu abin ya ɗauki wata hanya. A 1954 Bafaranshen nan Jean Rouch ya bi abokansa Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaoudel daga Ayoru zuwa ƙasar da ake kira Gana yanzu. Kyamararsa ta wani ce, ba ta ɗaukar murya, kuma ba ta wuce rabin minti sai an sake yi mata wani. Daga baya aka zaunar da Damouré da Lam gaban hoton, suna kallo suna sharhi, suna tsokanar juna yadda suka ga dama. Haka aka samu fim ɗin Jaguar, wanda ya fito a 1967. Labarin ƴan cin rani ne da suka sha wuya, suka buɗe teburin kayan koli a kasuwar Kumasi, sannan suka komo gida suka rabar da abin da suka samo. Wane gida ne a Mayahi bai san wannan labari ba?

Damouré ɗan Sorko ne mai baki da alfahari, Lam kuwa Bafillace mai sanyin magana, wanda kalmarsa ɗaya ke kada doguwar hujjar abokinsa. A 1974, tare da Tallou Mouzourane, suka yi Cocorico Monsieur Poulet, labarin fataken kaji da wata tsohuwar mota 2CV wadda sai an sha fama kafin a ƙetarar da ita kogin Kwara. A nan babu wawa babu mai hankali: kowa na da ranarsa, kuma mai kallo da su yake dariya.

Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, Damouré ya bi shi a 2009. Fim kuma, kamar hatsi ne, in ba a killace shi ba gara ta cinye. Binciken da babban ɗakin karatu na majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinai marasa murya na ƙasar sun salwanta. Ko Laurel da Hardy ba su tsira ba, don fim ɗinsu Hats Off na 1927 ya ɓata. In haka ta samu masu dukiya, ina ga mu?

Yau samarin Tasawa da Mayahi na ɗaukar gajerun wasanni da wayar salula, kuma sun fi sanin marigayi Rabilu Musa Ibro na Kano, wanda ya rasu a 2014, bisa ga Damouré da Lam. Laifin ba nasu ba ne, ba a nuna musu ba. Kira ga magadan gari da malaman lakkol da attajiranmu: farin ƙyalle da majigi da dare guda a filin samariya ba su fi ƙarfinku ba. Sannan a ɗauki hoton ƴan kama da ƴan gambara da suka rage tun suna raye, a adana. Allah ya sa masu hali su ji.