Idan Kalifar Birki Ta Ƙi Zama da Wili: Ciwon Kan Masu Haɗa Mota a Gida

A Ingila akwai mutanen da ba sa sayen mota a haɗe. Gangar jiki da wasu sassa suke saya, su nemo inji da birki daga wata tsohuwar mota, su haɗa kayarsu a garejin gida. Al'adar ta yi ƙarfi tun 1957, lokacin da Colin Chapman ya fito da Lotus Seven, wadda aka riƙa sayarwa gutsure-gutsure don kauce wa harajin sabuwar mota. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta. Da yawa daga cikin masu kwaikwayonta tsofaffin Ford Cortina da Sierra suke farkewa su kwashi kaya.

To, kayan da ba a ƙera su don juna ba ba kullum suke shiri ba. Mutum ya gama ɗaura birki, ya kawo wili, sai ya ji ƙarfe na gugar ƙarfe. Kalifa ce, wato maƙatar nan da ke matse faifan birki, take taɓa wilin.

Wuri biyu take taɓawa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Wani lokaci ƙoƙon kanta ne ke gugar cikin gangar wilin, musamman idan an sa babban faifai cikin wili mai inci 13, wanda masu irin wannan mota suke so saboda rashin nauyi. A nan turo wilin waje ba safai yake amfani ba. Sai dai a koma inci 15 ko a rage faifan. Wani lokacin kuma fuskar kalifar ce ke karo da bayan ƙafafun wilin. Wannan ya danganta da lambar ET da ake bugawa a jikin wili, wadda ke nuna da milimita inda mazauninsa yake daga tsakiyarsa. Idan lambar ta yi girma, wilin zai ƙara nutsewa ciki. Amma kada a dogara da ita kaɗai: wili biyu masu ET ɗaya, ɗaya ya wuce lafiya, ɗaya ya gurji kalifa, saboda lanƙwasar ƙafafunsu ta bambanta.

Ga wannan matsala ta biyu, mafi yawa sai su ruga ga faifan tazara, wanda ake sawa tsakanin wili da mazauninsa. Yana aiki, amma da sharaɗi. Duk milimitar da ya ci, daga zaren ƙusoshi ya cire ta. Ƙusar Ford kaurinta milimita 12 ne, kuma ƙa'idar bakanikai ita ce noti ya kama zare aƙalla daidai kaurin ƙusar, wato zagaye 8 ke nan. In bai kai ba, a sauya dogayen ƙusoshi. Dole kuma faifan ya zauna daram a kan leɓen tsakiya, wanda a Ford faɗinsa milimita 63.4 ne, in ba haka ba sitiyari zai riƙa karkarwa a gudu. Faifan tazara mai kauri sosai yana ɗora wa boris lodi, ya sauya ɗabi'ar sitiyari, ya kuma turo taya waje da madigadi, abin da masu gwajin IVA na Birtaniya ba sa yafewa kafin su bar mota ta hau titi. Tara washa a bayan wili kuwa, wannan wasa da rai ne.

Sai masu ɗaukar injin guga su ci jikin kalifa. Share ɗan tudun da ya rage daga zubin ƙarfe ba laifi. Amma cin gadar da ta haɗa ɓangarorinta biyu raunana ta ne, kuma a cikin wasu akwai hanyar mai da ido ba ya gani.

Tazarar da ake nema ba ta da yawa: milimita 2 zuwa 3 a kowane gefe, don ƙarfe na buɗewa idan ya yi zafi, wili kuma na ɗan lanƙwasa a kwana. Ana manna laka a kan kalifa, a ɗaure wilin, a juya shi da hannu, a cire a auna kaurin da ya rage. A yi gwajin da sabbin fad ɗin birki, domin kalifa mai zamewa ta fi fitowa waje kafin fad ɗin su cinye. A kuma duba dalmar balansin da aka liƙa a cikin wili. Sau da yawa ita ce mai laifin, kuma matsar da ita gefe kawai ya wadatar.

A ganina, rabin wannan wahala kwaɗayi ne ke jawo ta. Motar da nauyinta bai wuce kilo 600 ba, an ba ta birkin Sierra mai ɗaukar sama da tan guda, me take nema da kalifa mai fistin huɗu ta Wilwood ko AP Racing, in ba filin tsere za ta ba? Wanda duk da haka yake son ta, ya nemi zanen awo daga kamfanin, ya yanka shi a kwali, ya gwada cikin wilin tun kafin ya biya kuɗi.