Special Olympics

Special Olympics ƙungiya ce ta duniya da ke shirya horo da gasannin wasanni ga yara da manya masu raunin fahimta, wato mutanen da tun daga ƙuruciya suke da jinkiri wajen koyo da gudanar da al'amuran yau da kullum. An kafa ta a shekarar 1968 a ƙasar Amurka, hedikwatarta tana birnin Washington, kuma tana da rassa a ƙasashe fiye da 170. Abin da aka fi gani a talabijin shi ne babbar gasarta ta duniya, amma mafi yawan aikinta a ƙananan kulob-kulob yake gudana: a filin makaranta, ko wurin ninƙaya na unguwa, ko zauren wata cibiya, inda ake haɗuwa mako-mako a yi atisaye, a yi hira, a saba da juna. A da yawa daga cikin kulob-kulob ɗin, masu larurar da waɗanda ba su da ita suna wasa ne a ƙungiya ɗaya.

Kalmar da ake amfani da ita

Sau da yawa idan aka fassara labarin wannan ƙungiya zuwa Hausa sai a ce ta “masu taɓin hankali” ce. Wannan kuskure ne. Taɓin hankali ciwo ne da kan iya samun mutum a kowane lokaci na rayuwarsa, ana ba da maganinsa, kuma yakan lafa ko ya warke. Raunin fahimta kuwa yanayi ne da yake bayyana kafin mutum ya gama girma, ya kuma zauna da shi har ƙarshen rayuwa, kamar yadda ake gani a masu larurar Down. Kalmar “galahanga” ta yaɗu a kafafen yaɗa labarai, sai dai ana jingina ta ga larurori daban-daban waɗanda a wurin likita ba abu ɗaya ba ne. “Masu buƙata ta musamman” kuma ta yi faɗi, domin ta haɗa da makafi da kurame da guragu. Shi ya sa wannan muƙala ta zaɓi “raunin fahimta”.

A Turanci ma an sha wannan fama. Kalmar da likitoci da dokokin Amurka suke amfani da ita a shekarun 1960 ta rikiɗe ta zama zagi a bakin jama'a. Special Olympics ta daina amfani da ita a 2004, a 2009 aka fara wani kamfe na matasa domin a bar furta ta, sannan a watan Oktoban 2010 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta cire ta daga wasu dokokin tarayya. Ana kiran dokar da sunan Rosa, wata yarinya mai larurar Down daga jihar Maryland.

Tarihi

Wadda ta assasa ƙungiyar ita ce Eunice Kennedy Shriver, ƙanwar Shugaba John F. Kennedy. An haife ta a 1921, ta rasu a 2009. Yayarta Rosemary tana da raunin fahimta. A shekarar 1941, Rosemary tana da shekara 23, mahaifinsu ya sa aka yi mata tiyatar da ake kira lobotomi, wadda ake yanke wasu jijiyoyi a gaban ƙwaƙwalwa. Tiyatar ta ƙara lalata lamarin: ta bar ta ba ta iya magana sosai, ba ta kuma iya kula da kanta. Daga baya aka kai ta wata cibiya a jihar Wisconsin, inda ta yi sauran rayuwarta har ta rasu a 2005. An daɗe ana ɓoye zancen. Sai a watan Satumban 1962 Eunice ta rubuta a mujallar Saturday Evening Post cewa 'yar'uwarta tana da wannan larura, a zamanin da iyalai da yawa suke kai irin waɗannan yara gidajen killacewa su yi shiru.

A bazarar wannan shekara ta 1962 ta buɗe sansanin hutu na yini a harabar gidanta da ke Maryland, wanda aka sani da Camp Shriver. Yara masu raunin fahimta suna zuwa su yi iyo, su hau doki, su buga ƙwallo, ɗaliban sakandare da na jami'a kuma suna zuwa aikin sa kai suna wasa tare da su. Idan aka lura, tsarin kulob ɗin haɗaka na yau tun a nan ya samo tushe.

Mutum biyu sun taka rawa sosai wajen mayar da wannan tunani gasa. Na farko shi ne Frank Hayden, malamin jami'a ɗan Kanada, wanda bincikensa ya nuna cewa rashin ƙarfin jiki da ake gani a waɗannan yara yawanci daga rashin samun damar motsa jiki yake, kuma horo yana gyara shi. Ta biyu ita ce Anne Burke, malamar wasanni a hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta birnin Shikago, wadda daga baya ta zama alƙaliya a kotun ƙoli ta jihar Illinois. Ita ce ta kawo shawarar shirya gasa a birnin, gidauniyar iyalan Kennedy ta ba da dala 25,000. Ranar 20 ga Yuli, 1968 aka yi gasar farko a filin Soldier Field, da 'yan wasa kimanin 1,000 daga jihohin Amurka 26 da Kanada. An yi guje-guje da tsalle-tsalle da ninƙaya da wasan hoki na cikin zaure.

A 1971 kwamitin Olamfik na Amurka ya yarje wa ƙungiyar amfani da sunan Olamfik, a 1988 kuma kwamitin duniya ya amince da ita a hukumance. Gasar hunturu ta farko an yi ta a 1977 a jihar Colorado.

Yadda kulob yake aiki

Duk wanda ya kai shekara takwas, kuma likita ko wata hukuma ta tabbatar yana da larurar, zai iya shiga gasa. Babu iyakar shekaru daga sama, don haka ana samun dattawa a cikin 'yan wasa. Yara 'yan shekara biyu zuwa bakwai suna da nasu shiri na wasannin koyon gudu da jifa da cafe ƙwallo. Masu larura mai tsanani, waɗanda ba za su iya bin dokokin wasa ba, su ma akwai shirin motsa jiki da aka keɓe musu. Galibin masu horarwa 'yan sa kai ne, iyaye da malamai da ɗalibai, kuma al'ada ita ce a yi aƙalla mako takwas ana atisaye kafin a shiga gasa.

Abin da ya fi bambanta Special Olympics da sauran gasanni shi ne yadda ake raba 'yan wasa. Kafin wasan ƙarshe ana gwada kowa, sannan a haɗa shi da waɗanda ƙwazonsu ya yi kusa da nasa, tare da la'akari da shekaru da jinsi. Kowane rukuni yana ɗaukar mutum uku zuwa takwas. Na ɗaya da na biyu da na uku suna karɓar lambar zinariya da azurfa da tagulla, sauran kuma a ba su ƙyallen yabo na matsayin da suka zo. Ke nan a tseren mita 100 kaɗai ana iya samun masu zinariya da yawa, kowa a rukuninsa. Wannan tsari yana da ɓaraka a fili: mai horarwa zai iya sa yaronsa ya yi sanyi a gwaji domin a sa shi cikin marasa ƙarfi. Saboda haka aka kafa doka a wasannin da ake auna lokaci ko nisa, cewa wanda sakamakonsa na ƙarshe ya zarce na gwaji da tazara mai yawa, yawanci fiye da kashi 15 cikin 100, ana iya soke nasararsa.

Tun daga 1997 ƙungiyar tana kawo likitoci wuraren gasa su duba idanu da kunnuwa da haƙora da ƙafafun 'yan wasa kyauta. Dalili shi ne mutumin da ba ya iya bayyana ciwonsa da kyau yakan yi shekaru da ciwon haƙori ko raunin gani ba tare da kowa ya lura ba, wani lokaci ma a ɗauka rigima ce kawai yake yi.

Wasan haɗaka

A 1989 aka ƙaddamar da shirin Unified Sports, inda masu raunin fahimta da waɗanda ba su da shi suke sa riga ɗaya su yi wa ƙungiya ɗaya wasa. Ana kiran na biyun abokan wasa. A ƙwallon ƙafa na mutum goma sha ɗaya, shida 'yan wasa ne, biyar abokan wasa. A ƙwallon kwando uku ne da biyu. Ana ƙoƙarin haɗa sa'o'in juna, domin ɗan shekara goma sha shida ya fi buƙatar aboki sa'ansa a kan wani babba mai tausaya masa.

Shirin yana da matakai uku. Akwai na gasa sosai, inda ake son ƙwarewar ɓangarorin biyu ta zo kusa. Akwai na koyo, inda abokin wasa ya fi ƙwarewa yana kuma jan ɗan'uwansa. Akwai kuma na nishaɗi zalla, wanda ba ya buƙatar alƙalin wasa ko teburin maki, kuma shi ne ya fi kama da kulob na unguwa. Babbar matsalar da masu horarwa suke fuskanta ita ce abokin wasa ya mamaye fili, ya riƙe ƙwallo, ya ci duk ƙwallayen. Akasin haka ma matsala ce: ya riƙa wasa da gangan kamar mai lallashin yaro, abin da 'yan wasan suke ganewa nan take. Ƙa'idar shirin ita ce kowane ɗan ƙungiya ya kasance yana da rawar da yake takawa da gaske.

Amfanin wannan tsari ya fi fitowa bayan an gama makaranta. Yaro mai larura yana ganin mutane kullum muddin yana zuwa aji. Da zarar ya gama, sa'o'insa sun tafi jami'a ko aiki ko aure, shi kuma sau da yawa sai zaman gida. Kulob ɗin mako-mako yana ba shi wurin zuwa da mutanen da za su tambaya idan ba su gan shi ba, iyaye kuma su sami ɗan hutu da waɗanda za su tattauna da su.

Special Olympics ba ita kaɗai ce a wannan fage ba. A Birtaniya akwai kulob-kulob na Phab, waɗanda suka faro a 1957 suna haɗa masu nakasa da marasa nakasa a harkokin nishaɗi, da kulob-kulob na Gateway da ƙungiyar Mencap ta fara a 1966. A Amurka, Anthony Shriver, ɗan Eunice, ya kafa Best Buddies a 1989, wadda take haɗa abota tsakanin mutum biyu, ɗaya mai larura ɗaya mara ita.

Bambanci da Paralympics

Mutane da yawa suna rikita su. Paralympics gasa ce ta zaratan 'yan wasa, sai wanda ya cika ma'auni yake zuwa, kuma mafi yawan masu shiga suna da nakasar jiki ne ko ta gani. Ana yin ta a birnin da ya karɓi Olamfik. Tana da rukunin masu raunin fahimta, amma an dakatar da shi bayan gasar Sidni ta 2000, lokacin da aka gano cewa goma daga cikin 'yan ƙwallon kwando goma sha biyu na Sifaniya, waɗanda suka ci zinariya, lafiyarsu ƙalau. Sai a gasar Landan ta 2012 aka dawo da rukunin. Special Olympics kuwa tana karɓar kowane mataki na iyawa.

Suka

Wasu masana ilimin masu buƙata ta musamman sun soki ƙungiyar. Fitacce a cikinsu shi ne Keith Storey, wanda a wata muƙala ta 2004 ya ce gasar da aka keɓe wa masu larura kaɗai tana ƙara ware su ne daga jama'a, kuma yadda ake rungumar manya a bakin layin ƙarshe, ana yi musu magana kamar yara, yana ƙarfafa kallon tausayi. Masu wannan ra'ayi sun fi son a buɗe ƙofofin kulob-kulob na kowa da kowa. Masu kare ƙungiyar suna cewa a wurare da yawa idan babu ita babu komai, kuma wasan haɗaka ya rage kaifin sukar. Gaskiya ne ya rage, ko da yake abotar da ba ta wuce bakin fili ba har yanzu ana iya tambayar zurfinta.

Gasannin duniya da Afirka

Ana yin gasar duniya duk bayan shekara biyu, ana karɓa-karɓa tsakanin ta bazara da ta hunturu. Gasar bazara ta farko a wajen Amurka ita ce ta Dublin a ƙasar Ailan a 2003, wadda Nelson Mandela ya halarci buɗe ta. Kafin a fara, garuruwa fiye da 170 sun sauki tawagogin ƙasashe, iyalai suka karɓi baƙi a gidajensu. Bayanta aka yi a Shanghai a 2007, Atens a 2011, Los Angeles a 2015, Abu Dhabi a 2019, sai Berlin a watan Yunin 2023. Ta hunturu ta 2025 a Turin ta Italiya aka yi, an kuma ba birnin Santiago na Chile ta 2027. Gasar nahiyar Afirka ta farko an yi ta a Alƙahira a watan Janairun 2020.

Najeriya tana da reshe mai ofishi a Legas, kuma ta tura 'yan wasa Abu Dhabi da Berlin. Ƙasar ta rattaba hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa, wadda sashe na 30 nata ya yi magana kan damar shiga wasanni da nishaɗi da harkokin al'ada, sannan a watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya. A arewacin ƙasar wasan masu nakasa da aka fi sani shi ne ƙwallon guragu, wanda Misbahu Lawan Didi, ɗan Kano, ya ƙirƙiro a 1988, inda waɗanda shan inna ta shafa suke zama a kan katako mai taya suna buga ƙwallo da hannu. Wannan wasa yana da tasa hukumar, ba ya ƙarƙashin Special Olympics.