BAYANI A KAN KYAUTAR DA AKE RABAWA A BAJE KOLI

Zuwa ga 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalan hatsi na Dutsin-Ma da Kurfi. Ga bayani ga wanda ya yi niyyar kama rumfa a baje kolin Kano ko na Kaduna.

Ku sani, baje koli dabam yake da cin kasuwar mako. A kasuwa mutum ya zo da kuɗinsa, a auna masa, ya tafi. A baje koli kuwa yawanci gani ake zuwa yi, cinikin sai an koma gida. Saboda haka abin da ka ba mutum ya tafi da shi, shi ne dillalinka a wurinsa. In ya jefar da shi a bakin ƙofa, kuɗin rumfa da na mota sun tafi a banza.

To, kafin ka kashe ko kwabo, tambayi kanka: wa nake so ya neme ni? Mai sayen ridi ko wake mota guda kake nema, da wakilin kamfanin da ke sarrafa waken suya, da dillalin Dawanau. Su ba su da yawa cikin taron. Alewa da balan-balan yara suke tarawa, rumfa ta cika maƙil, babban mai saye ya ga cunkoso ya wuce.

Na farko, kuma shi ne gaba da kome, samfur. Gani ya kori ji, kuma ba a cinikin biri a sama. Ka ɗaura gero, dawa, wake da ridi a ƙananan leda masu haske, kowace da takarda a ciki: sunanka, garinka, irin hatsin, shekarar girbi da lambar waya. Lissafinsa mai sauƙi ne. Tiya ɗaya kusan kilo 2 da rabi ce, in ka zuba giram 100 a kowane ƙulli za ta ba ka ƙulli 25. Tiya 4 ta isa mutum 100. Babu wata kyauta mai arahar wannan.

Amma fa samfur amana ce. A ɗebo shi daga buhun da za a sayar, kada a tsince shi dabam a bar tsakuwa da ƙaiƙayi a sito. Mai saye zai ajiye ƙullin nan, ranar lodi ya gwada shi da kayan. In sun saɓa, ya fasa, kuma ya gaya wa na kusa da shi. Haka batun magani. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Masu fitar da kaya waje suna kai samfur a auna shi. In wakenka a buhu mai leda biyu ka adana shi ba magani, rubuta haka a takardar, don wannan ma talla ce.

Na biyu, kalanda. Tana shekara guda a bangon shago, kullum ido na kanta. A sa kwanan watan Musulunci da na boko tare. Sai dai a duba lokaci. Baje kolin Kano yakan faɗo ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba, ga kaka ga sabuwar shekara tafe, nan kalanda take da daraja. Na Kaduna, wanda aka fara a 1979, yakan zo wajen Fabrairu ko Maris, lokacin kowa ya riga ya rataye tasa. Can gara ƙaramin littafin lissafi da biro, domin dillali ba ya rabuwa da rubuta bashi da la'ada.

Na uku, riga da hula masu suna. Suna da tsada, kuma wanda ya karɓa ba lalle ya sa ba. A yi kaɗan don yaran rumfa, a san su daga nesa, shi ke nan.

Game da rubutu: a buga da ajami da boko, domin masu saye na zuwa daga Maradi, suna zuwa daga Ikko. Lambar waya guda 11 ce, ka karanta ta da kanka sau biyu kafin mai ɗab'i ya buga. Kada a sa aya ko sunan Allah a leda ko takardar da za ta faɗi ƙasa a tattake.

Kuma kada a zube kyauta a tebur kowa ya ɗiba. A ba mutum hannu da hannu bayan an yi magana, a rubuta sunansa da lambarsa da abin da yake nema. In an dawo gida, a kira shi cikin mako guda tun ƙullin yana hannunsa.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Wassalam.