Saƙi, Lifidi da Walki a Dandalin Kaka

A garuruwan Turai, idan kaka ta yi, akan ga mutane sun fito cikin tufafin ƙarnonin baya, wani da sulken ƙarfe, wata da shigar matan ƙauye na da, a yini ana ciniki da wasanni. Yawancin kayan nan ɗinka su aka yi daga zanen littattafai, domin masu su na asali sun daɗe da shuɗewa. A ƙasar Tambuwal da Kebbe lamarin ya sha bamban. Rawani da alkyabba suna nan a jikin hakimai, dogarai na nan da jajayen rigunansu, kuma duk ranar hawan Sallah ko naɗin sarauta ana ganin kayan doki irin na da. Abin da ke salwanta shi ne hannun da ke yin kayan da kuma sanin ma'anarsu. Ina ganin tarukan kaka, lokacin da aka girbe gero da dawa, samari suka fito kokawa da dambe, su ne wurin da ya fi dacewa a ceto su, muddin shigar da za a yi ta fito daga masaƙa da marinan gida, kuma ta haɗa da ta talakawa.

Wannan yanki yana da abin nunawa. Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna a Tambuwal ya riƙe ta a matsayin ribaɗi, ga Gwandu ta Malam Abdullahi a kusa, ga Kabawa da suka sake ɗaga kai a 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame suka ci gaba da gwabzawa daga Argungu. Ƙasar bakin daga ce, saboda haka lifidi ba ado ba ne a nan. Riga ce da aka cusa wa auduga aka ɗinke ta tam, a sa wa mahayi da dokinsa don kibiya mai dafi ta tsaya a ciki kafin ta kai fata. Sulke na masu hali ne, kwalkwali kuma yana tsare kai daga sara. Yaron da ya ɗauki lifidi ya ji nauyinsa da zafinsa cikin ranar kaka zai fahimci yaƙin zamanin fiye da yadda darasin aji zai fahimtar da shi. Haka babbar riga ta saƙi: ƙyalle ne siriri da masaƙi ke fitarwa, a jera shi da yawa a haɗe, a kai marina a tsoma cikin baba, mabugi ya buge, sannan mai ɗinkin hannu ya zauna watanni yana fitar da aska takwas a ƙirji. Riga ɗaya tana ciyar da manomin auduga, da matan da ke kaɗi da mazari, da masaƙi, da marini, da maɗinki. Shaddar waje da ɗinkin keke sun yanke wannan jerin, kuma idan taro ya amince da su a matsayin kayan tarihi, to ya ƙarasa abin da ya ce zai farfaɗo.

Wasu malamai za su ce wannan alfahari ne da ɓarnar dukiya, kuma ba su rasa hujja ba. Shehu ya soki sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙ kan sa tufafin da suka ga dama ba tare da duba halal da haram ba, Malam Abdullahi kuma ya koka a Tazyinul Waraƙat kan mutanen da son riguna da dawakin ƙawa ya ɗauke musu hankali. Sai dai tarihin jihadin kansa ya nuna tufafi abin kula ne. Kafin hijirar Gudu ta 1804, Sarkin Gobir Nafata ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi, domin ya san abin da shigar jama'ar Shehu ke shelantawa. Wanda ya naɗa harsa a dandali aka yi wa yara bayanin wannan doka, karatu ya bayar. Abin da malaman suka tsana gasar nuna arziki ce, maganinta kuwa shi ne a ba walkin maƙeri, da rigar mafarauci, da malfar manomi, da zanen saƙi na tsofaffin mata, da shigar Fulani makiyaya matsayi daidai da na alkyabba. Nan ne ma nake ganin hawan daba ya gaza. Tun daga na Kano a 1925 da na Kaduna a 1956, waɗanda aka shirya don baƙin Ingila, har zuwa 2024 da UNESCO ta sa hawan Kano cikin gadon al'adun duniya, fada ce ke tsakiyar fili, talaka na gefe yana jinjina.

Akwai kuma maganar tsaro da talauci, wadda ta fi nauyi, domin ƙauyukan kudancin Sakkwato sun ɗanɗani hare-haren 'yan bindiga, kuma ba za a ce wa wanda ya rasa shanunsa ya sayi rigar tsamiya ba. Amma ba a bukatar kowa ya saya. A gidaje da dama akwai adaka da ke ɗauke da rigar kaka ko zanen goggo, ana iya aro da rana a cikin gari a mayar kafin magariba. Dole kuma a kiyaye ƙa'idar fada: naɗi mai kunne biyu da alkyabba suna da masu su, don haka sai da yardar hakimi da dagatai, kuma sai an bayyana cewa kwaikwayo ake yi.

Akwai abin koyi a maƙwabta: bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, bayan dogon zaman doya da manja tsakanin Sakkwato da Kabi, yau kuwa ga gidan tarihi na Kanta a garin cike da makamai da kayan da masu shirya taro za su je su duba. Haka ma cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Daga nan sai makarantun Tambuwal, Dogon Daji, Jabo, Kuchi da Kebbe su nemo tsofaffin masaƙa da dukawan da suka rage, a ba su aikin tun damina, a biya su kafin girbi.